Majayin Sirdin Gurgin

Shekara goma sha ɗaya ke nan ana maimaita magana ɗaya a kasuwar garin Nasibin. Wai Burzin ne ya kashe maigidansa Gurgin, shugaban 'yan fashin kan iyakar Rum da Farisa, ya yanke masa majayin sirdi, ɗamarar da ke ɗaure sirdi a jikin doki, a tsakiyar kogin Dijla don ya cinye ganima. Masu gasa gurasa suna faɗa, masu rini suna faɗa. Abin da ya hana maganar ta zauna mini shi ne, a cikin masu faɗin ba wanda ya taɓa ɗaura wa doki sirdi. Sai na nemi waɗanda suke wurin, na same su ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda abin ya faru.

"Tsaya nan! Ka motsa in huda ka!"

Hantsi ne, a hanyar da ta bi cikin kwazazzabo zuwa sansanin Rumawa. Da jin muryar Gurgin, Barhad mai amalanke ya saki bulala ya ɗaga hannu. Sojoji biyu ke raka shi. Kibiyar Zadoi, ɗaya yaron Gurgin, ta sami na farko a maƙogwaro – tim! Na biyu bai tsaya tambaya ba, ya juya doki ya zuba.

"Ya tsere!" in ji Burzin. "Maigida, sansani zai nufa!"

"Bar shi ya je ya gai da uwarsa," in ji Gurgin. Ya fizge rufin amalanken.

Sirdi goma sha biyu, sababbi fil, suna ƙamshin jima. Irin na mahayan Rum ne, kowanne da ƙaho huɗu, biyu a gaba biyu a baya.

Zadoi ya ƙwanƙwasa ƙaho ɗaya da wuƙa, idonsa ya fito. "Zinariya ce a ciki?"

"Tagulla ce, mayunwaci," in ji Burzin. Shi ya sani. Shekara uku ya yi a hannun Rumawa yana wanke musu dawaki kafin ya gudo.

"Don gicciye ku bar mini alfadaraina," Barhad ya fara kuka. "'Ya'yana biyar."

"To ka ja amalanken da kanka, baba, ka fi su ƙiba!" in ji Gurgin.

Suka kwance alfadarai biyun, suka lafta musu kaya. A nan ne idon Gurgin ya faɗa kan wani sirdi mai jar fata, wanda aka yi wa wani hafsa. Ya yaye bargon ulun da ke bayan dokinsa ya yar.

Mutanenmu na kan iyaka ba su san sirdi ba. Bargo ne da igiya. In sun zo ruwa mai zurfi sai mutum ya zame ta baya, ya kama wutsiya, doki ya ja shi har gaɓa. Tun suna yara suke yi, jikinsu ya san abin kafin kansu ya tuna.

"Burzin, zo ka ɗaura mini. Kai ne bawan Rumawa."

"Maigida, ruwa za mu ƙetare."

"Sai me?"

"Wannan ba na ruwa ba ne. An yi shi don ya riƙe mutum ne, kada mashi ya tumɓuke shi. Kuma na siriri ne, dubi cinyarka."

Zadoi ya fashe da dariya. "So yake ka bar masa, maigida. Tun ɗazu yake haɗiyar yawu."

Gurgin ya dubi Burzin, duban da ya san ma'anarsa. "Ɗaura."

Ya ɗaura. Ya ja majayi ta ƙarƙashin cikin dokin, ya zarge, ya sake ja. Ya sa maɗaurin ƙirji, ya sa na gindi. Yadda aka koya masa da bulala, haka ya yi, bai rage komai ba. Gurgin ya yi tsalle ya faɗa ciki, ya danna cinyoyinsa ƙarƙashin ƙahonin gaba, da ƙaton wandonsa na ulu.

"Kai! Na rantse da Wutar da muke bauta wa, kamar a cinyar uwata! Mu je!"

A sansani, da sojan da ya tsere ya iso da labari, Sabinu shugaban 'yan sintiri bai ko ƙarasa cin gurasarsa ba.

"Su nawa?"

"Uku, ranka ya daɗe. Da alfadarai."

"Alfadarai ba sa gudu. Mutum goma ku tare mashigi na sama. Goma ku biyo ni ta kwazazzabo. Wanda ya bar su suka taɓa ƙasar Farisa, shi zai yi wa hafsa bayani!"

Burzin ne ya fara hango su. Da suka karyo kwanar da ke sauka mashigi, ga kwalkwali goma suna walƙiya a bakin ruwa.

"Baya! Ku koma baya!"

Suka juya. A baya kuma ƙura ta tashi, da sautin kofato. Dama dutse, hagu dutse, kowanne tsayin itacen dabino biyar. Hanya ɗaya ta rage, wani ɗan lungu da ke gangarawa inda kogi ya matse tsakanin duwatsu. Suka kutsa. Lungun bai fi faɗin doki biyu ba. Burzin yana jin numfashinsa yana dawo masa daga bango.

"An rufe mu," in ji Zadoi, muryarsa ta canza. "An rufe mu kamar ɓeraye a tulu."

"Rufe mini baki!" in ji Gurgin.

Zadoi ya nuna sama. "Maigida, ga hanyar awaki nan. Doki ba zai hau ba, amma alfadari zai hau. Bari in kai kayan sama in dawo in tare muku da kibiya."

Gurgin ya ɗaga masa hannu. Zadoi ya bar dokinsa, ya ja alfadarai ya haye. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya, ya sa kafaɗa a jikin wani dutse. Dutsen ya gangaro da 'yan uwansa – gurum! – hanyar awaki ta toshe.

"Zadoi! Ɗan karya!"

"Ku riƙe mini su kaɗan, maigida!" ya amso daga sama. "Zan sha giya da sunanku!"

Saura kogi. Lokacin narkewar ƙanƙarar duwatsu ne, ruwa ya cika ya yi launin ƙasa, yana tafe da itatuwa.

"Sauka tun a nan," in ji Burzin. "Ka ɗaga jikinka sama, ka zaro ƙafa ɗaya ta kan ƙaho. Sama, maigida, ba baya ba!"

Gurgin ya dafa, ya fara ɗagowa. Kibiya ta wuce ta gefen kunnensa – fiu! Wata ta caki ƙasa tsakanin ƙafafun dokin.

"Ku ajiye makami!" Sabinu ya yi ihu daga bakin lungun.

"Zan sauka a cikin ruwa!" in ji Gurgin. Ya doki cikin dokin da dunduniya.

Suka faɗa. Sanyin ya daki Burzin a ƙirji. Ya zame ta baya, ya cafki wutsiya, dokinsa ya miƙa wuya yana iyo. Kibau suna faɗawa ruwa hagu da dama. Ya wuce rabi. Yana ganin ciyawar gaɓar Farisa, har da wata akuya da ta tsaya tana kallo.

"Burzin!"

Ya waiga. Gurgin yana tura jikinsa baya, yadda ya saba tun yana yaro, ƙahonin baya sun tokare shi. Ya sake turawa. Wandon ulun ya sha ruwa ya kumbura, ya cike ɗan sararin da ya rage. Dokin yana nitsewa da nauyin ƙato, hanci kaɗai ke waje.

"Ya riƙe ni! Burzin, abin nan ya riƙe ni!"

"Sama! Ɗaga sama!"

Amma da me zai ɗaga? Ba abin takawa, ƙafafunsa suna lilo a cikin ruwa. Wani kututture ya zo ya bugi dokin a haƙarƙari. Dokin ya kife, da mutum a kai.

Tsakanin Burzin da gaɓa bai fi tsayin mashi huɗu ba. Ya dubi gaɓar. Ya saki wutsiyar.

Ya zaro wuƙa, ya ɗaga ta sama yana iyo da hannu ɗaya. Kowa ya ga wuƙar nan, sojoji a gaɓa, Zadoi a kan dutse. Ya nutsa. Ya lalubo cikin dokin, ya sami majayi, ya nemi inda zai cusa wuƙa. Babu. Shi ya ja shi da hannunsa, ko yatsa ba ya shiga. Fatar bijimi ce ninki biyu, ta jiƙe ta yi tauri. Ya fara gurzawa ta waje. Hannun Gurgin ya kama masa gashi, ya riƙe, ya riƙe, sa'an nan ya sake. Kofato ya sami Burzin a gwiwar hannu. Wuƙar ta tafi.

Ruwa ya yar da shi a gaɓar Rumawa. Yana amai aka ɗaure shi.

"Ina kayan?" in ji Sabinu.

Burzin ya kau da kai. Kogi yake kallo.

Bayan kwana biyu masunta suka jawo doki da mahayinsa can ƙasa. Sai da sojoji suka karya ƙaho ɗaya kafin su zaro gawar. Sojan da Zadoi ya harba ya bar mata da ciki. Barhad bai sake mallakar alfadari ba, dako yake yi a ka. Burzin yana fasa dutse a wurin haƙar duwatsu na Rumawa, da hannu ɗaya, ɗayan ya shanye. Zadoi ya sayar da sirdi goma sha ɗaya, ya buɗe rumfar fatu a Nasibin, kuma daga bakinsa labarin wuƙar ya fara fita.

Jan sirdin yana nan a ɗakin ajiyar sansanin. Sabinu, wanda yanzu ya tsufa ya ajiye aiki, shi ya sa aka sauko mini da shi. Majayin yana nan cikakke, da gurza guda wadda ba ta kai rabin kaurinsa ba. Burzin bai yanke majayin Gurgin ba. Ya yi ƙoƙarin yankewa ya kasa, shi ya sa Gurgin ya mutu.