Rago Mai Lalle a Wuya

Ranar Arfa, ana gobe Babbar Sallah, rahoto ya iso teburin Sufeto Badaru cewa an saci rago a wata cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke kudancin Khartum. Sufeto ya ɗan yi murmushi, don a irin wannan mako babu abin da ake sata kamar rago. Amma da ya isa ya ga fuskar Dakta Ni'mat, shugabar binciken, sai murmushin ya gushe.

"Ya Janabu, ba ragon ne ya dame ni ba," in ji ta, tana kiransa da laƙabin girmamawa da ake yi wa jami'ai a nan. "Wanda zai ci shi ne."

Ta yi masa bayani. Suna gwada sabon magani ne na wata cuta mai ramar da tumaki a yankin Jazira. Sun raba ragunan gida biyu, rabi ana yi musu allurar maganin, rabi kuwa ruwan gishiri kawai, don a ga bambanci. Ita kaɗai ta san wanne ne wanne.

"Wanda aka ɗauka na magani ne. A hanta maganin yake taruwa, kuma bai fita ba tukuna. Ka san mu da marara."

Sufeto ya sani. Da an yanka rago, kafin nama ya hau wuta, ɗanyar hanta ake yankawa da albasa da barkono da lemon tsami, babba da yaro kowa ya sa hannu.

"Babba zai kwanta asibiti," in ji ta. "Ƙaramin yaro kuwa, sai dai Allah."

Suka shiga garken. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, ba a fasa ba. Sufeto ya tsuguna yana tona ciyawa da alƙalami, sai ga 'yar robar lamba da ake maƙala wa dabba, haɗe da guntun kunne.

"Ya cire lamba," in ji shi. "Akwai wata alama?"

"Muna aske musu wuya, nan inda muke ɗibar jini. Ko makaho ya shafa zai ji."

Sufeto ya tura mataimakinsa, Saje Adamu, ya zaga kasuwannin dabbobi na Umdurman ya gargaɗi dillalai. Shi kuma ya nufi maigadi, wani dattijo mai suna Ɗantani.

"Wallahi ban motsa daga ƙofar nan ba, Janabu."

"Ko don salla?"

"A nan na shimfiɗa buzuna."

A ƙetaren hanya akwai mai shayi, Barakatu, a gindin dalbejiya. Da Sufeto ya maimaita mata maganar, sai ta kwashe da dariya.

"Bai motsa ba? To aljani ne ya cinye mini ƙosai da sassafe? Bayansa ma ya ba ƙofar."

"Ke fa, me kika gani?"

"Motar cibiya ta fita, boksin nan fara mai ɗaukar kaya. Kullum in za ta ɗebo ciyawa a buɗe take fita. Yau kuwa an lulluɓe bayanta da tamfol."

Direban, Muntari, saurayi ne mai natsuwa. Ya gaida Sufeto da ladabi, hannayensa a baya.

"Ciyawa na je ɗebowa. Tamfol kuwa don rana ne, kada ta bushe."

"Tun kafin ka ɗebo ta?"

"Don kada in manta shi, Janabu."

"Miƙo hannunka."

Ya miƙo. Lalle ja ya kama bayan yatsunsa har zuwa wuyan hannu.

"Abokina ne ya yi aure, muka sa lallen ango."

"Iyayenka fa, ina suke?"

"Suna Jazira."

Sufeto ya dube shi ido cikin ido, ya ce, "Muntari, ba zan ɓoye maka ba. Hantar ragon nan guba ce."

"Allah ya kiyaye," in ji Muntari, ya sunkuyar da kai.

Aka bincika ɗakin da yake haya kusa da kasuwar Suk al-Shabi, ba a ga ko kashin tunkiya ba. Saje Adamu ma ya dawo daga kasuwa hannu rabbana. Babu hujjar tsare kowa, dole aka sallame shi.

Da safiyar Sallah, Sufeto ya dawo daga Idi zuciyarsa ba daɗi. A tsakar gida ya tarar da mahaifiyarsa, Gogo Kubra, tana wanke hannu. Al'adarta ce kowace shekara ta shafa wa ragon layya lalle a goshi da baya.

"Kai kuma wannan wace irin fuska ce ranar Sallah? Zo ka zuba mini ruwa."

Yana zubawa, sai ya tsaya. Lallen ya ɓata mata bayan yatsu har wuyan hannu, ba tsari, daidai da na Muntari.

"Gogo, lallen abokan ango haka yake kamawa?"

"Haba, kamar ba a gabanka aka yi na ƙaninka ba? A tafin hannu da kan yatsu ake ɗora shi, a gyare. Wannan ai na cuɗa gashin dabba ne."

Nan take Sufeto ya gane. Askin wuyan aka rufe da lalle.

Da yake babu gidan mutanensu da Gogo ba ta sani ba a garin, sai ya ce, "Kin san wani Muntari direba? Ya ce iyayensa na Jazira."

"Ɗan Malam Mika'ilu mai makaranta? Wace Jazira? Sun baro ta tun yana goye. Suna nan bayan kasuwar Umdurman, gidansu cike da jikoki."

Sufeto bai ko cire rigar Idi ba. Ya ɗauki Saje Adamu suka haye gada zuwa Umdurman. A kowane lungu suka bi an riga an yanka, ana feɗewa a ƙofar gida, jini na bin kwata.

Da suka isa gidan Malam Mika'ilu, suka yi sallama suka shiga ba su jira amsa ba. Ga rago a kwance an ɗaure ƙafafunsa, an haƙa ramin jini. Mata sun yanka albasa a babban faranti, yara sun kewaye shi suna jira. Wani tsoho mai raunin ido na tsugune, wuƙa a hannun dama, hagunsa kuwa riƙe da kunnen ragon. Muntari na tsaye a kansa yana roƙo.

"Baba, don Allah ka yanka, rana ta yi."

"Na ce maka a'a. Tun ɗazu nake shafa kunnen nan, fiye da rabinsa ya tafi. Wannan ba ya layya. Shekara nawa ina karantar da mutane haka, sai a gidana zan karya?"

"Malam, ajiye wuƙar," in ji Sufeto a hankali. "'Yan sanda ne."

Ya tsuguna ya buɗa gashin wuyan da lalle ya dunƙule. Ga askin nan, ga tabon allura. Ya ɗago ya dubi Muntari.

"Lallen ango ke nan?"

Muntari ya zauna a ƙasa.

"Ni na ɗauka, Janabu. Kullum yayana ne ke yi wa Baba layya. Bana na ce a bar mini, a gaban kowa na faɗa, kuma ban iya ba."

"Na gaya maka guba ce."

"Na ɗauka dabarar 'yan sanda ce. Bara da aka gama wani gwaji, na ruwan gishirin aka raba wa ma'aikata, muka ci lafiya. Na duba garken, na ga wannan ya fi duka ƙiba da ƙarfi. Na ce wanda ake ɗura wa magani ai ba zai yi kyau haka ba."

"Maganin ne ya sa ya yi kyau, Muntari. Aiki yake yi. Ramammun su ne na ruwan gishiri."

Muntari ya juya ya dubi yaran da farantin albasa, sai ya rufe fuska da hannayensa masu lalle.

Malam Mika'ilu ya lalubo igiyar ya kwance ƙafafun ragon da kansa.

"Ku mayar wa masu shi," in ji shi. "Muntari ma ku tafi da shi, ya amsa abin da ya yi. Alfarma ɗaya nake nema, ɗana. Kada ku sa masa ankwa a gaban yaran."

Sufeto ya amince. Saje Adamu ya ja ragon, Muntari ya bi su kansa a ƙasa. A bakin ƙofa Sufeto ya waiwaya ya ce wa matan gidan, "Kada ku zubar da albasar nan. Ragon Gogo kunnuwansa biyu cikakku ne, yanzu za a kawo muku hantarsa."