Fentin Bai Bushe Ba

Son yabo ne ya ci Jibrilla. Ku saurara, 'yan mata.

Zulaihatu ta tsaya gaban zanen a shagon Malam Wilson da ke Luggere a Jimeta, inda saurayinta Jibrilla ke koyon zane da fentin mai. Gonar masakwa ce, dawar rani, a bakin Binuwai, ga shanu, ga manoma a duƙe. A tsakiya ga ta da ƙwarya a ka, har da tsagen kumatunta.

Ta dubi Jibrilla. "Hamma, ka ce bayana za ka zana."

"Hannuna ne ya ƙi, abar ƙaunata. Malam ya ce bai taɓa ganin ɗalibi ya fitar da fuska haka ba."

"Gogo mai riƙona ta ce 'yar gidanmu ba ta zama a bango maza suna kallo. Ranar da aka rataye ni, a mayar muku da goronku. Ka shafe fuskar... ka juya ni."

"Sai ya bushe. Fentin mai in an taɓa shi ɗanye, dagulewa yake."

Gaskiya ya faɗa, sai ta koma unguwarsu Makama tana jira. Kullum la'asar tana zaure ita kaɗai, shi yana Jimeta yana ƙara wa shanu inuwa. Duk saƙon da ta aika, amsa ɗaya ce: bai bushe ba.

Da ta gaji ta je da kanta, ta ɗora yatsa a kan kumatun zanen. Ta duba yatsan. Fes.

"Ya bushe, Hamma."

Ya sunkuyar da kai. "Za a kai shi Maiduguri, manyan jiha za su gani. In ya dawo zan shafe, wallahi."

"Ni fa? Ina zan kasance kafin ya dawo?"

Ya juya yana kallon zanen. Ta gyara mayafinta ta fita, ba ta yi kuka a gabansa ba.

Aka yi masa tafi a Maiduguri, babban birnin jiha a lokacin. Wani ma'aikaci ɗan Yola ya gane fuskar, labari ya riga Jibrilla isowa gida. Gogo ta mayar da goro. Da kaka aka ɗaura wa Zulaihatu aure da wanda Gogo ta zaɓa, suka tafi Mubi.

To, ga abin da ya rasa: mata, da mutuncinsa a Makama, da zanen ma, don ba a dawo da shi ba. Har ya tsufa yana zana gonaki, duk macen da ke ciki ta juya baya.