Yatsan Mai Wanki

Laifin Manajar bankin ɗaya ne: ta buɗe wa wata tsohuwa mai wanki asusu ba tare da hoton yatsa ba. Sabulu ya cinye zanen yatsun tsohuwar, na'ura ta ƙi karantawa, ita kuwa Manaja ta kira shaidu biyu aka gama.

Mai binciken da hukumar kula da bankuna ta turo shi ya gano. Ya ɗago kai daga fayil, ya ga fuskarta, ya manta shafin da yake.

"Ranki ya daɗe, sashe na tara ya ce sai da yatsa."

"Inda na yi karatu, doka cewa take ka san wanda kake hulɗa da shi. Shekara goma tana yi min wanki. Na'urarka ta fi ni saninta ne?"

"Inda na yi nawa, abin da ba a rubuta ba, babu shi. Yau tsohuwa ce, gobe ɓarawo ne da shaidunsa biyu."

Ta san ba ƙarya ya yi ba.

Binciken kwana uku sai da ya kai sati biyu. Ta laƙaba masa Sashe Tara, shi kuma yana kiranta Zuciya.

Ta tura masa saƙo: "Sashe Tara, ka ci abinci, ko shi ma sai an rubuta?"

"Na ci, Zuciya. Rahoton ne ya tsaya min a wuya."

Da babanta ya ji labarin shaƙuwarsu, ya ce, "In ya rufa miki asiri, maƙaryaci ne, ba na ba maƙaryaci 'yata. In ya tona, ba ya sonki. Ki fita hanyarsa."

Ya tona. Sati guda ba ta ɗaga wayarsa ba, sai da kwafin rahoton ya iso teburinta. Ya rubuta laifin tsaf, ya rubuta dalilinta, ya roƙi a gyara dokar saboda masu aikin hannu. A ƙasa ya ƙara: "Ina son wannan manaja da aure. Ban cancanci yi mata hukunci ba."

Babanta ya karanta sau biyu. "Ya faɗi gaskiya a kanki, ya faɗa a kan kansa. Ya turo manyansa."

Aka ɗaura aure, dangi suka sa albarka, Allah ya ba su zaman lafiya.

Ita an rage mata girma mataki ɗaya. Shi kuwa an cire shi daga bincike, aikin da ya shekara takwas yana nema, aka mai da shi ɗakin ajiyar tsofaffin takardu. Da albashin can ya biya sadaki.