Wayoyi Talatin da Bakwai a Gidan Malam Dalhatu

Tun da aka kafa Dogon Dutsi ban ji an yi wa dattijo wulaƙanci irin wanda aka yi mani ba. Ni Jibo, telan da ya ɗinka wa masu unguwa uku babbar riga, mutumin da idan ya kafa hula a bakin kasuwa 'yan kabu-kabu kan rage gudu su duba, yau ni ake miƙa wa kofin shayi na uku a fada, majalisar hirarmu ta unguwa, wanda ba komai cikinsa sai sukari da ruwan zafi. Na rubuta labarin nan ne don masu karatu su yi mani shari'a, samari da 'yan mata kuma su ɗauki abin ɗauka.

Abin ya faro a gidan wana, Malam Dalhatu, na'ibin limamin unguwarmu, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidansa da nawa. Farkon damina ne. 'Yarsa Afra'u tana tankaɗe a tsakar gida, uwarta Habsatu tana gyaran zogale, ni da Malam muna zaune a zaure, sai ga sallamar Mu'awiya.

Mu'awiya yaro ne mai ɗan gemu da ɗangalallen wando, yana aiki da wani ƙaramin kamfani mai kai wa mutane wifi gida-gida. Shi ke neman Afra'u. Wata biyu ke nan da iyayensa suka kawo kayan gaisuwa, aka sa rana bayan kaka. Shi da hannunsa ya kafa akwatin wifi a gidan, don Afra'u tana karatun ungozoma a waya. Sharaɗin kamfanin ɗaya ne, kuma Malam ya sa hannu a kai: na gida ɗaya ne, ba a ba maƙwabta lambar shiga.

Mu'awiya ya durƙusa ya gaishe mu, amma ya ƙi hawa tabarma.

"Baba, magana mai nauyi na zo da ita. Mai kamfaninmu ya ce in duba abin da ke jan rezo, wato ƙarfin intanet, ƙasa a unguwar nan. Na duba. Akwatin gidan nan wayoyi talatin da bakwai ke kansa."

Malam ya ajiye carbi. "Talatin da mi? Mu nan waya huɗu gare mu."

"Haka na sani, Baba. Gobe zan kai rahoto, na ce bai kamata ka ji a bakin wani ba."

Ni da yake mutum ne mai son sulhu, na ce, "Yaro, rubuta huɗu mana. Abin da ke yawo cikin iska wa ya ƙirga shi? Nan Arewa maƙwabci kan shigo ya ɗebi wuta, ya ɗebi ruwa a famfo, ba a taɓa kiransa ɓarawo ba."

"Baba Jibo, wuta da ruwa na Baba ne, ya ba wanda ya ga dama. Wannan kuwa bisa alkawari aka ba shi. Ni ma amana aka ba ni. In na rubuta huɗu, mai kamfani ba zai sani ba, amma wanda zan tsaya gabansa da la'asar ya sani."

Daga cikin gida muka ji rariya ta faɗi.

Kashegari aka yanke wifin gidan. Kafin azahar magana ta zaga unguwa, ta dawo da ƙafafu da hannuwa: wai na'ibi sayar da lambar yake yi a ɓoye. Ran nan da Malam ya shiga gaba zai ja salla, wani tsoho ya yi tari irin wanda ba na mura ba. Malam ya dawo gida bai ci tuwo ba.

Habsatu ce ta fara. "Malam, ban da mu wa ya san lambar nan? Wanda ya kafa akwatin. Shi ya sai da ita ga samarin unguwa, da asiri zai tonu ya ɗora maka. Yau ya kai ƙarar uba, gobe in ya ɗauki ɗiya mi zai yi mata?"

"Inna, wallahi Mu'awiya ba zai—"

"Rufe mani baki. Ke kika san shi ko ni da na haife ki?"

Afra'u ta shige ɗaki. Kwana uku ina jin kukanta ta kan katanga, ƙasa-ƙasa, irin na mai gudun kada a ji. Ku tambayi matata, ni ma abinci bai yi mani daɗi ba a kwanakin nan.

Tsohuwarmu, Iya Balki, wadda ta zo daga Dogon Kiriya ganin likita, ta ce ita ba ta ga abin wahala ba. A kai maganar wurin masu kiran aradu, damina ce, kafin kwana bakwai za a ga gidan da za ta sauka. Malam ya yi a'uziyya ya ce ba a gidansa ba. Iya ta juya goro a baki ta ce, "To. Ni dai na riga na faɗa wa sama, tana ji."

Ran Juma'a bayan la'asar Malam ya yi alwala, ya ɗauko Alƙur'ani, ya tara duk mai waya a gidansa. Shi ya fara dafawa ya rantse bai ba kowa lambar ba. Habsatu ta rantse. Ɗansa Idris ya rantse. Afra'u ta dafa ta rantse, ta ƙara da cewa ta tabbata Mu'awiya ma bai bayar ba. Malam ya ce wannan ba ta cikin rantsuwa. Ni ina gefe a matsayin shaida, tunda ba a gidan nake kwana ba.

Malam ya nannaɗe littafin ya dube ni. "Jibo, kai ka karɓi kayan mutanen nan, kai ne uban ɗiya. Gobe ka mai da masu abinsu."

Da hantsi na shigo. An fito da turamen atamfa da sabulu da kwalin alawa, an sayo sabon huhun goro a madadin wanda aka raba. Afra'u ce ta ɗaure su da kanta. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa.

"Baba Jibo, ba zan saɓa wa Baba ba. Amma ka ce mashi ban ji haushinsa ba. Da ya rubuta huɗu, da kullum ya ce mani wani abu sai in yi tunanin ko shi ma huɗu ne. Ka ce ina nan, Allah ba ya barin gaskiya a ƙasa."

Na ɗora kayan a amalanken jaki muka kama hanya. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya rufe kan dutsen nan da garinmu ya ci sunansa. Iska ta tsaya cik. Awaki sun bi jikin katanga sun lafe. Duk walƙiyar da ta yi sai in ga kamar hulata take nema, har na cire ta na sa a aljihu, abin da ban taɓa yi a bainar jama'a ba.

Mu'awiya na samu a ƙofar gidansu yana naɗe igiyar waya. Ya dubi amalanke, ya dubi huhun goro, ya gane. Ya shimfiɗa mani tabarma a zaure, ya kawo ruwa. Na isar da saƙon Malam, na isar da na Afra'u. A na biyun ne ya juya fuska bango ya daɗe.

Na ce, "Kai ma da taurin kai. Ka rasa mata saboda lamba."

"Baba Jibo, akwatin nan yana nuna sunan kowace waya da ranar da ta fara shiga."

Aka yi wata tsawa can nesa.

"Ta biyar ta shiga ranar da na kafa shi, bayan azahar. Sunanta Jibo Gwanin Ɗinki. Sauran talatin da biyu daga baya sunka biyo, duk daga wajen fadarku."

Na ce ruwan nan da ya ba ni akwai ƙasa a ciki.

"Mai kamfani adadi ya tambaye ni, na ba shi adadi. Suna bai tambaya ba. Baba kuwa, in na je na ce ƙanenka ne, na raba shi da ɗan'uwansa, na kuma tona asirin wanda zai zama ubana. Na ce in jira, wataƙila ka faɗa da bakinka. Har yanzu jira nake."

Bai rufe baki ba aradu ta faɗi a bayan gari, ƙasa ta girgiza, jakin ya yi kuka. Masu cewa tsoro ne ya tashe ni ƙarya suke yi. Tausayi ne. Na ce wa mai amalanke ya juya, muka koma da kayan cikin ruwa, atamfa a ƙarƙashin rigata.

Abin da ya gudana a zauren Malam bayan na faɗi laifina da bakina ba zan rubuta duka ba, don wa ne kuma malami, kalmomin da ya yi amfani da su ba su dace da shi ba. Washegari ya sa takalmi ya tafi gidan su Mu'awiya da ƙafarsa ya nemi gafarar yaron. Habsatu ta aika da kwanon dambu. Aka bar rana yadda take, aka ɗaura aure bayan an shigar da gero rumbu. Afra'u ta yi kuka ranar ma, amma wannan kowa ya ji shi, ba ta ɓoye ba.

Ku 'yan mata, ku dubi Afra'u: ba ta ɗaga wa iyayenta murya ba, ba ta kuma saki gaskiya ba, Allah ya ba ta nata. Ku samari, wanda ya ji tsoron Allah a kan abin da ba a gani, shi ake ba 'ya hankali kwance. Abin da aka ba ka bisa sharaɗi ba naka ba ne da za ka yi kyauta da shi, ko da maƙwabci zai ce kai marowaci ne.

Saura shari'ata. To, a bar ta. Ranar da aka kafa akwatin, Malam ya kira ni in sa albarka. Na ɗaga shi da hannu biyu ina addu'a, kowa ya rufe ido yana amin, ni nawa a buɗe, ina karanta lambar da ke manne a gindinsa. Shi ya sa addu'ar ta yi tsawo. Na raba ta a fada ɗaya bayan ɗaya don a riƙa tashi a ba ni kujera ana ce mani Sarkin Rezo, kuma an ce, sati shida cur. Ni na jawo komai, tun daga tarin tsohon nan har kumburin idon Afra'u. Amma dai lamba goma sha biyu ce haɗe da haruffa, kuma kafin a shafa fatiha na haddace ta. Wannan ko Malam, da duk fushinsa, bai ce ba ƙoƙari ba ne.