Itacen Jegon Safara'u

Iya Hajaratu na hura wuta a ƙarƙashin tukunyar wankan jego, jariri a bayanta. 'Yarta Safara'u na bakin ɗaki tana satar kallonsa, don ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ta ɗauke shi a gaban mutane. Sai suka ji an sauke kaya a bayan danga.

"Ga mijinki ya kawo itace," in ji Iya. "Je ki, kafin babanki ya dawo daga masallaci."

Ta matsa jikin danga, ta gaishe shi a hankali.

"Da wa ya yi kama yau?" Muntaka ya tambaya.

"Baba ya ce da kakansa marowaci."

Ya yi dariya. Ita kuwa hawaye ne suka zubo mata.

Lokacin da suke yara, garinsu da na Muntaka kamar unguwa biyu ne. Rijiya ɗaya ake ja, ranar kasuwar Maigatari a jera jakuna a tafi tare. Mahaifinta Barau da mahaifinsa Gwadabe tare suka yi kiwo, tare aka yi musu kaciya. Da Nasara suka zo suka kafa alamar iyaka a tsakiyar gonaki, garin Barau ya faɗa wajen Faransa, na Gwadabe ya zauna a ƙasar Gumel, har aka naɗa masa rawanin mai gari. Babu wanda ya damu da alamar. Yara ma ɗaure awaki suke yi a jikinta.

Sai shekarar yunwa ta zo. Safara'u ta dawo gida goyon ciki, rumbun Barau kuma babu komai. Ya kora jakinsa ya je wurin amininsa, ya tarar da jakadan hakimi a zaure, ya kawo umarnin kada hatsi ya tsallaka iyaka. A gaban jama'a Gwadabe ya ce, "Babu, Barau. Geron nan na ƙasar Gumel ne."

Barau ya dawo da taikin hatsinsa a naɗe babu komai, ya ce 'yarsa ba za ta koma gidan nan ba.

"Baba, shi me ya yi?" Safara'u ta tambaya tana durƙushe.

"Ɗan wa ne? Arba'in na cika zan kai shi gaban alƙali a raba auren."

Muntaka bai iya ɗaga ido ya dubi surukinsa ba, balle ya yi masa gardama. Abin da al'ada ta ɗora masa kawai ya riƙe: itacen wankan mai jego a kan miji yake. Kullum da safe ya ɗauko dami a ka, ya tsallako, ya ajiye, ya juya. Iya ce kaɗai ke kwancewa.

Ana gobe arba'in, Iya ta tafi rijiya ta daɗe, wuta na neman mutuwa. Barau ya jawo damin da kansa yana mita. Da ya kai hannu kan igiyar kabar da aka ɗaure damin da ita, sai ya tsaya. Ƙullin a karkace yake, ya juya hagu. Mutum ɗaya ya sani mai irin wannan ɗaurin, wanda ya sha yi wa dariya a wurin kiwo saboda bahago ne. Ya kwance. Zangarniyoyin gero suka gangaro daga tsakiyar itacen.

Iya ta shigo da tulu, ta gani, ta sauke a hankali.

"Hajaratu, tuwon da muke ci ba ƙanenki ke aikowa ba?"

"Ƙanena da ko tsakin kaji ba shi da shi? Malam, da na faɗa maka da ka mayar musu da tsakar rana, jakada ya ji, a tuɓe wa mutumin rawani."

Barau ya naɗe igiyar ya sa a aljihu.

Washegari da sassafe ya tafi wurin alamar. Ga Muntaka da dami a ka, ga Gwadabe a bayansa, ya rako shi kamar kullum don kada a bincike kayan.

"Bahago," in ji Barau, "har ka tsufa ba ka iya ɗauri ba."

"Kai kuma sai yau ka kwance? Na ɗauka ka makance."

Suka rungume juna, alamar Nasara a tsakaninsu. Muntaka ya kau da kai saboda kunya.

Da yamma aka yi wa Safara'u kitso da lalle, aka ɗora ta a jaki zuwa gidan mijinta, Iya na biye da jariri a baya.

Da Muntaka ya rama wulaƙanci da wulaƙanci, ko Safara'u ta bijire wa mahaifinta, da auren ya mutu kafin a kwance damin. Haƙurinsu ne ya ba gaskiya lokacin fitowa. Kada mutum ya yanke zumunci a kan maganar da ɗan'uwansa ya faɗa a gaban mai iko, sai ya duba abin da hannunsa ya aikata.