Kawun Tsuntsuwa

A ɗakin da ake kula da yara marasa lafiya bayan an tashi daga makaranta suka fara haɗuwa. Ita nas ce, shi kuwa mai gyaran lantarki. Ya zo ɗaukar 'yar yayarsa marigayiya, yarinyar da ake kira Tsuntsuwa, wadda ba ta iya haɗiya, sai ta wata roba da aka sanya mata a ciki ake ciyar da ita.

"Malam, ba a taɓa min yara da wannan hannun," in ji ta. "Ga sabulu can."

Ya wanke, ya nuna mata tafukansa. "Na ci jarrabawa?"

"Da ƙyar."

Daga ranar ya riƙa zuwa da wuri, yana kallon yadda take tura madara a hankali tana yi wa yarinyar hira. Ba a jima ba ya fara kiranta Sanyin Idona.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarta ta ƙi. "Ba mata yake nema ba, 'yar nan. Mai jinya yake so a gidansa."

Nas ɗin ta gaya masa tana hawaye. Bai musa ba, sai ya ce ta koya masa aikin. Ya koyi wanke robar, da auna madarar, da zaunar da yarinyar kada ta shaƙe. Da hannunsa ya faɗa, ya daina kawo Tsuntsuwa. Kullum da yamma nas takan dubi gadon da babu kowa, tana zaton fushi ya yi.

Ta rubuta masa: "Kawun Tsuntsuwa, ashe haka za ka yi min?"

Ya amsa: "Sanyin Idona, so nake Mama ta ga na iya ni kaɗai. Ki yi haƙuri da ni."

Kafin mahaifiyar ta gani, ciwon ƙirji ya kama Tsuntsuwa, ta rasu a hannunsa.

Bayan an share makoki ya je ya durƙusa gaban mahaifiyar, duk ya rame.

"Yanzu kuma me ya kawo ka, ɗan nan?"

"Mama, babu sauran mara lafiya a gidana. Har yanzu 'yarki nake so."

Mahaifiyar ta share idonta. "Tashi daga ƙasa. Turo manyanka."

An ɗaura aure ba tare da hayaniya ba. Allah ya jiƙan Tsuntsuwa, ya sanya albarka a zamansu.