Kalmomi Masu Wutsiya Ɗaya

Ranar Asabar ce, ana ta yayyafi tun safe, budurwata ta shigo shagona na gyaran waya tana kakkaɓe lema.

"Gobe za ka zo ka gaida Baba," ta ce. "Biya min karatun jiya."

Malama nake ce mata, don ita ta ɗora ni a kan Turanci. Ni kam daga aji biyu na sakandare na gudu. Na yi aski, na yi faci, na yi wankin mota, ban taɓa zama wuri ɗaya ba sai a gabanta. Kullum takan zo min da kalmomi masu wutsiya iri ɗaya, wai sun fi saurin zama a ka.

"Light, haske. Night, dare. Fight, faɗa. Sight, gani. Tight, matsattse."

"Yawwa, abin ƙaunata! Haka nake son ji."

Ni duk a zatona so ne. Ina kwance waya ina rera su a jere kamar waƙa, har maƙwabcina tela ya sa min suna Rediyo.

Washegari na shiga falonsu na durƙusa na gaida Baba. Yayanta, malamin makaranta, yana gefe ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"An ce kana da difloma," in ji shi. "A wane fanni?"

Difloma? Na dube ta. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Kuma wai Turanci a bakinka kamar ruwa. To, mene ne tight?"

Wallahi na san shi! Amma a jere na haddace, ban iya ciro ɗaya daga ciki ba sai na faro daga sama. Leɓena ya shiga motsi, ina lanƙwasa yatsu... light, haske... night, dare...

Yaya ya tuntsire da dariya har da buga cinya.

"Baba, ka gani? Aku aka kawo mana!"

Zuciyata ta tafasa. Na ce, "Baba, ba ni da difloma. Waya nake gyarawa, da ita nake ci, ban taɓa ce wa kowa na fi haka ba."

Dattijon ya cire tabarau ya daɗe yana kallona.

"Yaro, da haka aka faɗa min tun farko, da ban ƙi ka ba. Amma ginin da aka fara da ƙarya, ban sa hannuna a ciki."

Na yi sallama na fita. A bakin ƙofa ta cim min, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Don Allah ka tsaya... don kai na yi!"

"Don ni? Ko don kada a ce kin kwaso jahili?"

"Ka san halin Yaya..."

"Naki na sani yau! Ina zaton koya min kike, ashe fenti kike shafa min, kamar tsohuwar wayar da za a yaudari mai saye!"

"Da ka yi shiru, ai da an wuce wurin!"

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni.

"In yi shiru har yaushe? Har ranar da ɗana zai ce in nuna masa takardar?"

"Masoyi, ni fa ina sonka..."

"Mai difloma kike so. Je ki nemo shi, ni ban san shi ba."

Daga ciki Yaya ya ƙwala mata kira. Ta dube ni, ta dubi ƙofar. Na tsaya, wallahi na tsaya, ko za ta koma ta ce musu, "Haka nake sonsa." Sai ta share fuska ta shige, na ji ƙarar sakata.

Abin da na rasa a ranar uku ne: aikin wuni guda, yardar dattijon da ya kusa zama surukina, da ita.